Ƙamus a Bayan Takardun Hatsi

Iliya ɗan Bitrus ya rasu ranar 3 ga Yunin 1989 a gidan hayarsa na unguwar Kalley, yana da shekara hamsin da bakwai bisa ƙiyasin takardar haihuwarsa. Shekara goma sha ɗaya teburina yana kallon nasa a biro, wato ofishin rabon hatsin agaji, nan Yamai. Ni Zailani ne, komi, wato akawu mai riƙe da rajista. Shi kuma a takardar aiki mai buga tafireta ne, amma duk ranar da Nasara mai jin Ingilishi ya shigo, shi ake ƙwala wa kira daga ɗakin darakta. In baƙon ya tafi sai ya koma kan tafiretarsa, ba wanda ya ce masa sannu.

A Dogon Dutsi aka haife shi. Mahaifinsa kuku ne a gidan mishan, a bakin madafa yaron ya fara tsintar Ingilishi kamar yadda yara ke tsintar magarya. Daga baya aka tura shi ƙetaren iyaka, ya yi shekara huɗu a wata makaranta a Najeriya, ya dawo da takardar shaida mai jan hatimi. Ya sha ba ni labarin ranar da ya kai ta wurin ɗaukar ma'aikata. Mutumin da ke bayan tebur ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce da Faransanci: "Wannan ka je ka nuna wa Sarauniyar Ingila." Tun daga nan aka ajiye shi a matakin da ake ajiye wanda bai gama lakwal, makarantar boko, ba, a nan kuma ya tsufa.

Shi Ba'are ne, ni kuwa kakannina Barebari ne na Damagaram, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun kafin mu san juna. Ranar da na fara aiki ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, an kawo mini bawana. Je ka ɗebo ruwa." Na ce, "Ba'are, in ka ga ubangidanka ai tashi ake yi." Shi Kirista ne, ni Musulmi. Da azumi yakan ci abincinsa a bayan mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, don kada in ji ƙamshi, sannan ya dawo yana lasar baki da gangan.

Farin 1973 ne ya kawo Ingilishi Yamai. Yana jikin buhunan dawa, yana cikin wasiƙun da ke zuwa tare da kamiyo, manyan motocin kaya, yana bakin likitocin da suka sauka a sansanin da yunwa ta tara mutane a bayan gari. Aka fara aron Iliya zuwa can yana tafinta. Wata rana ya dawo bai taɓa tafireta ba, ya zauna yana kallon bango. Ashe a can wata likita ta duba wani jariri ta faɗi wata kalma, shi kuwa ya tsaya kamar dutse, ga uwar yaron tana kallon bakinsa. Sai da likitar ta rubuta masa a tafin hannu: lethargic. Ya san ta sarai. Yaron da ba ya kuka, ba ya motsi, ko ƙuda ba ya korewa. Shekara ashirin kalmar tana kansa, a littafi ya gan ta, bai taɓa jin ta a bakin mutum ba.

"Babarbare," in ji shi, "ashe rabin Ingilishina kurma ne."

Daga wannan rana ya ɗauki aikin da ya cinye sauran rayuwarsa. Yana so ya yi wa Hausawan Nijar ƙamus na kalmomin Ingilishi masu wuya, waɗanda ba a koyarwa a aji, daga Ingilishi kai tsaye zuwa Hausa ba tare da an bi ta Faransanci ba. Kuma kowace kalma da yadda ake furta ta. Yana da tsofaffin kaye, littattafan rubutu irin na ƴan makaranta, guda shida cike da kalmomi, amma a kaye ba a iya jera su bisa haruffa, sabuwa ba ta da wurin shiga tsakanin tsofaffi biyu. Kati yake buƙata, dubbai. A lokacin kwali mai kyau ko a kanti ba kullum ake samu ba.

Mu kuwa a biro muna da kati. Takardar karɓar hatsi, wadda muke kira bon, kwali ce mai kauri, ruwan ɗorawa, girman tafin hannu. A gabanta akwai lamba, da sunan unguwa ko ƙauye, da yawan buhu. Bayanta fari ne tas. In an karɓi hatsi sai bon ta dawo wurina, in buga mata tambarin sokewa, in huda kusurwarta, in shigar da lambarta a rajista. Da sojoji suka karɓi mulki a Afrilun 1974, babban abin da ake magana a kai shi ne hatsin agaji da ya bi ta bayan fage, sai aka tsaurara mana doka: duk ƙarshen wata a ƙona sokakkun bon a tsakar biro, komi ya rubuta cewa an ƙona, ya sa hannu, planto, wato masinjan biro, ya shaida. Planton namu, tsoho Halidu, bai iya karatu ba. Duk inda na nuna masa nan yake dangwala yatsa.

Ƙarshen watan Mayu na wannan shekara ina tsaye da kwalbar kananzir, Iliya ya fito ya tsuguna gaban tulin. Ya ɗauki guda, ya juya bayanta, ya shafa da yatsa.

"Wannan duka wuta za ta ci?"

"Doka ce."

"An soke su, an huda su. Ko akuya ba za ta karɓi dusa da su ba. Ba ni ɗari biyu, bawan banza."

"Ba'are, kana so a kai ni kaso?"

"In an kai ka zan kawo maka fura."

Na dubi ƙofa, na ƙirga ɗari biyu na ba shi. Sannan na ƙona sauran, na koma tebur na rubuta cewa an ƙona duka. Wannan ne layin ƙarya na farko da na taɓa sa wa a rajista. Na maimaita shi kowane wata har shekara goma. Ban taɓa kuskuren lamba ɗaya ba a aikina, kuma a lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Da ya gama kwafe tsofaffin kaye ɗin a kan kati, matarsa Na'omi ta hura wuta da abin da gara ta bari daga cikinsu. Daga nan katunan su kaɗai ne, babu kwafi a ko'ina.

Tsarinsa bai taɓa canzawa ba. A sama kalmar Ingilishi. Ƙarƙashinta yadda ake faɗar ta, da haruffan Hausa, da ɗigon jan tawada a kan gaɓar da murya ke dannawa. Sautin da Hausa ba ta da shi ya ƙirƙiro masa alama: ga wanda ake sa harshe tsakanin haƙora yakan zana ɗan harshe. Sai ma'ana. A can ƙasa kuma sunan wanda ya ji ta a bakinsa, da wuri, da kwanan wata. Dokarsa ita ce kalma ba ta rufuwa sai ya ji ta daga baki uku daban. Yana da kwalayen madarar agaji iri biyu a ƙarƙashin gado, na rufaffu da na buɗaɗɗu.

Neman baki ukun nan ya mai da shi abin dariya a gari. Ranar Asabar yakan tsaya a Petit Marché kusa da masu sayar da salak, inda matan Nasara ke sayayya, da kati a hannu. Ya cire hula, ya gaishe su, ya roƙi a karanta masa kalma ɗaya. Wasu su karanta suna dariya, wasu su riƙe jakarsu su wuce. Mahauta suka sa masa suna Mushe Kalma, wato Malam Kalma da Faransancin kasuwa. "Mushe Kalma, yau ka kama nawa?" Ya ce, "Biyu, ɗaya ma ramammiya ce." Da aka buɗe kasuwar Wadata ya gano wani tela ɗan Gana wanda ya taɓa koyarwa a ƙasarsu, yakan zauna gefen kekensa har tela ya gaji ya ce a bar shi ya yi ɗinki. Rediyo ma baki ne a wurinsa, amma rabin baki yake ƙirga shi, don ba a ganin leɓe.

Ni ba na jin Ingilishi. Ƴan kalmomin da ke cikin wannan rubutu ɗiyarsa Rebeka, malamar lakwal, ita ta duba mini haruffansu. Amma ma'anoninsu na riƙe, domin a kaina yake gwada su. In ya karanta mini ban gane ba sai ya yage katin ya sake. Weevil, ƙwaron da ke huda hatsi a cikin buhu ya bar maka gari. Fallow, gonar da aka bari ta huta, saura. Gaunt kuwa sai da ya yi mako uku a kanta. Ya ce ba rama kawai ba ce. Abin da ya tsaya a kai shi ne: mutumin da wahala ta fito da ƙasusuwan fuskarsa, amma yana tsaye da ƙafafunsa.

"Na ɗauka Nasaran nan ba su san yunwa ba," in ji shi. "Sai na tarar suna da kalmominta fiye da goma, sun dai tura su can ƙarshen ɗaki. Yaran da suke aiko mana ma ba su san su ba. In na nuna musu sai su ce kakarsu ce ke faɗar haka."

Akwai guda da ta fi damunsa: victuals, wai abinci, guzuri, abin da ake ɗorawa a jirgi ko a kai wa mayaƙa. A wani tsohon littafi ya same ta. Mutum huɗu ya nuna wa, kowa ya ce shi ma bai tabbata ba, shi kuwa ba ya rubuta abin da mai faɗa bai tabbata ba. Katin ya zauna a kwalin buɗaɗɗu, wurin furuci fari. Nakan tsokane shi, "Ba'are, yaya abincin naka, ya nuna?" Ya ce, "Yana kan wuta."

Damina ta sake ƙi a 1984. Hatsi ya sake zuwa, bon ta sake yawa, sai kuma buhuna suka fara fita daga wani mangaza da tsofaffin bon da aka kankare tambarin sokewarsu, aka liƙe hudar. An kama guda 214. Aka turo mana masu bincike ƙarƙashin wani soja, Lajidan Hasan, dogo, mai magana a hankali, wanda ke daidaita takardu a gefen tebur da tafin hannu kamar yadda nake yi. Ban san wanda ya kai maganar Iliya ba. Ba sirri ba ne, rabin Petit Marché sun ga katunan a hannunsa.

Ranar Talata 9 ga Oktoba, da hantsi, suka je gidan Iliya. Kwali goma sha ɗaya suka fito da su. Kati 5,312.

Washegari Lajidan ya kira ni. Rajistocina na shekara goma suna jere a gabansa.

"Komi, wannan hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Nan ka ce an ƙona. Nan ma. Nan ma. To ga su a kwali. Yaya aka yi?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba. "Iliya ya ce shi yake zarar su daga tulin in ka shiga ɗauko ashana. Ya ce kai ba ka sani ba, wai Babarbare ko an sace masa wando ba zai lura ba." Bai yi murmushi ba. "Haka ne?"

Ina da mata da ƴaƴa biyar. Halidu ya riga ya rasu. In na ce ni nake ba shi, kowane layi da na rubuta tun 1973 ya zama abin shakka, ni da shi kuma mu kwana ɗaki ɗaya. Na yi wannan lissafi a tsaye, cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma har yau ina iya maimaita shi.

Na ce, "Abin da na sani shi na rubuta."

Aka wuce da Iliya kaso.

Da yamma na je Kalley. Na'omi tana zaune a ƙofar ɗaki, gadon a ɗage yadda sojoji suka bar shi, wurin kwalayen ya yi fari a ƙasa. Ba ta shimfiɗa mini tabarma ba.

"Malam Zailani, na san wanda ke ba shi."

Na sunkuyar da kai.

"Ba zan faɗa ba, ya hana ni. Amma ka fito mini da mijina. Shekara goma ina share ƙarƙashin gado ina kewaye takardun nan kamar jarirai. Ba su dame ni ba. Shi nake so."

Na koma da wannan magana a kunnena, na kuma ga hanya. Na roƙi Lajidan ya bari a bi katunan ɗaya bayan ɗaya. In kowace lamba ta Iliya tana cikin rajistata, da tambarinta da hudarta ba a taɓa ba, sannan lambobin 214 ɗin nan babu ko ɗaya a ciki, to bon ɗin ɓarayi ba ta tsakar bironmu suka fito ba, kuma ba daga ƙarƙashin gadon Iliya ba. Ya yi tunani ya ce, "Wa zai yi wannan aiki?" Na ce ni.

Aka ba ni ƙaramin ɗakin da ke bayan mangaza, da tebur, da sababbin rajista biyu, da biro mai rubutu dozin guda. Wani soja yana zama a bakin ƙofa da rediyonsa, ba ya ma leƙowa. Na fara ranar 5 ga Nuwamba. In zaro kati, in karanta lambar, in nemo ta a tsohuwar rajista, in rubuta ta a sabuwa tare da wata da shafi, in duba tambari, in duba huda, in mai da katin daidai inda na zaro shi. Na kula ƙwarai da wannan. Na ce ranar da Iliya zai karɓi kayansa ba zai tarar da kati ɗaya ya bar wurinsa ba. Har ƙyalle na sa a ƙarƙashin kwalayen saboda sanyin siminti.

Kwana arba'in da bakwai na aiki na yi. Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba. Lamba 5,312, duka na same su. Na 214 kuwa babu ko ɗaya, jerin wani gari ne da bai taɓa biyowa ta hannuna ba. Rajista ɗaya ta ishe ni. Ta biyun na mai da ita ma'aji fara fat, na karɓi takardar shaidar mayarwa.

Rahoton ya hau sama, ya daɗe, ya sauko. Ranar Alhamis 28 ga Fabrairun 1985, ƙarshen wata, aka kawo Iliya biro da safe. Rigarsa ta yi masa yawa, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Da na ga fuskarsa kalmar nan da ya yi mako uku a kanta ta faɗo mini, ban so ba. Ya dube ni ya ce, "Ina furar? Au, ni na yi alkawari. To kai ina taka?"

Lajidan ya karanta hukunci a tsaye. Babu hannun Iliya a satar hatsi, an sake shi. Amma ya ɗauki takardun gwamnati ba izini, an sallame shi daga aiki. Takardun kuma a yi musu abin da doka ta ce tun farko.

Sai a lokacin na lura an fito da kwalayen tsakar gida, ga kwalbar kananzir a gefe.

Iliya ya cire hula. "Ranka ya daɗe, aikin na yafe. A ba ni wata ɗaya in kwafe bayansu, a nan, gaban sojanka."

"Baba, rajista ta ce an ƙona su tun 1974. Yau ma mun makara."

"Mako biyu. Ni da ɗiyata."

"Ba a ba ni wannan umarni ba."

"To a shafe gaban da baƙar tawada. A yanke lambar da almakashi. Bayan ai nawa ne, ni na rubuta."

"Kwali ɗaya ne, baba. Ba a raba gaba da baya." Lajidan ya daidaita takardunsa. Ina jin shi ma abin bai yi masa daɗi ba, domin ya ƙara da cewa, "Ai komi ya yi wata biyu da su a ɗaki shi kaɗai. Ban hana shi komai ba."

Iliya ya juyo. Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya, kamar ranar da ya rufe kalma mai wuya.

"Bawana! Ka kwafe bayan? Ko rabi?"

Na kwafe lamba dubu biyar da ɗari uku da goma sha biyu. Kowane kati ya kwanta a tafin hannuna, rubutunsa yana taɓa fatata, wani lokaci har jan tawada ta bar mini ɗigo a yatsa in wanke kafin salla. Ina da rajista fara mai shafi ɗari huɗu a gefen gwiwar hannuna. Ba sai na ji Ingilishi ba, haruffa zan bi, kuma babu wanda ya fi ni iya bin haruffa a wannan biro. Ba tsoro ne ya hana ni ba, da shi ne da na faɗa. Ban dai juya su ba. An ce mini lamba, na duba lamba. Na ɗauka in lambobin suka yi daidai, komai zai koma wurinsa.

Na ce, "Suna nan a jerensu, ban ɓata ko ɗaya ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya mai da hularsa.

Ni na zuba kananzir, domin aikina ne. Kwali mai kauri ba ya ci da sauri, sai da aka riƙa tona tulin da sanda. Iliya bai tafi ba. Ya tsaya hannu a baya, wani lokaci in kati ya naɗe ya juyo da bayansa sai in ga leɓensa yana motsi. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata aka gama. Na rubuta takardar ƙonawa, na sa hannu, Lajidan ya shaida.

Bayan haka Iliya ya sa ɗan tebur a gefen Petit Marché yana buga wa mutane wasiƙu da wata tsohuwar tafireta da coci ta ba shi aro. Mahauta sun ci gaba da kiransa Mushe Kalma na ɗan lokaci, da suka ga ba ya amsawa suka bari. Ni an ƙara mini girma a 1986 saboda rahoton nan.

Na sayi kwali fari a kanti, na yanka daidai girman bon, na je masa da shi wata Lahadi bayan sun taso daga coci. Na ce ya faɗa, ni in rubuta, ko kalma goma a mako.

"Ma'ana ina da ita a kai," in ji shi. "Amma wa ya faɗa? A ina? Likitar nan ta koma ƙasarsu. Telan Gana ya tafi. Matar da ta ba ni fallow ta mutu a hanyar Doso. In na faɗa maka yanzu, bakina kaɗai ne, kuma bakina ne ya ba ni kunya a sansani." Ya turo mini katunan da yatsa. "Kai wa ƴaƴanka su yi zane."

Bai taɓa tayar da maganar wanda ke ba shi bon ba, ko sau ɗaya. Wasan kuwa ya daina. Yakan ce mini Malam Zailani, ya tambayi iyali, ya sa Na'omi ta kawo ruwa. Na ci gaba da zuwa duk Lahadi ta farkon wata, shekara huɗu, da katunan a aljihu.

Zuwana na ƙarshe 7 ga Mayun 1989 ne. Yana kwance a rumfa, ƙafafunsa sun kumbura. Na'omi ta ce tun safe yake tambaya ko na zo. Da na zauna ya ce, ba tare da gaisuwa ba, "Babarbare, abincin ya nuna."

Wani tsohon fasto Ba'amurke ya biyo ta Yamai, ya zo duba marasa lafiya. Suna hira, tsohon ya ga kwanon tuwo, ya faɗi kalmar haka kawai cikin raha, ba wanda ya nuna masa kati.

"Bitils," in ji Iliya. "Ka ji? Bitils. Rabin haruffan zaman banza suke yi, kamar ma'aikatan bironku. Shekara goma sha biyar!" Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Na zaro kati da alƙalami. Bai hana ni ba. Ya faɗa mini haruffan ɗaya ɗaya, ya sa na ɗiga ja a gaɓar farko, Rebeka ta kawo jan biron da take gyaran aikin yara da shi. Ya ba ni ma'ana, da sunan faston, da wuri, da kwanan wata. Ya karɓa ya kai kusa da tabarau ya duba, ya ce hannuna ya fi nasa kyau.

Na ce, "To ta rufu ke nan."

"Baki ɗaya ne. Saura biyu." Ya miƙo mini katin. "Sa a buɗaɗɗu."

Katin yana cikin aljihun teburina, cikin ambulan. Sabuwar rajistar kuwa tana ma'ajin biro, kanta ta uku daga sama, da lambobi 5,312. An duba ta sau biyu tun daga lokacin, ba a sami kuskure ba.